Motar da Kuka Ja Daga Bakin Gulbi Ba Gawa Ba Ce

Zuwa ga Mai girma Kwamanda,
Shugaban biro, wato ofishin da ke kula da motocin da ake kwashewa daga tituna da unguwanni,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Isuhu Mamman. Iyayena daga wajen Tawa suka zo, amma a Yamai na yi wayo, a nan na yi aure, a nan furfura ta same ni. Sana'ata sayar da alluna da itacen gini a kasuwar Katako. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba sai bana. Sau uku na kawo takarda bironka na ba planto, masinjan da ke zaune bakin ƙofa, kuma har yau ban san ko ɗaya ta kai teburinka ba. Shi ya sa na fito da wannan a fili, ko Allah zai sa wani da ya san ka ya karanta maka. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da mutanenka suka ja motata daga bakin gulbi a Gudel, kuma abincin gida biyar yana bushewa a gaban idona.

Na farko, ina so ka san ko wace mota ce.

Tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda muke ce wa bashe, fara, murfin bayanta shuɗi don daga jikin wata motar na samo shi. Na saye ta hannun wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da zai koma ƙasarsu, shekarar da aka haifa mini ɗiyata ta fari, wadda yanzu take ɗakin mijinta. Ko a lokacin motar ta sha jiki. Ni ba makanike ba ne, ban zauna garejin kowa na koyi aiki ba. Rashin abin kai ta gareji ne ya kwantar da ni ƙarƙashinta. Kowace Lahadi, a ƙofar gidana, sai in shimfiɗa buhu, in tokare tayoyi da duwatsu gaba da baya, in ɗaga ta da kirik sannu a hankali, in tura gumaguman itace da na yanke daidai tsayinta, in sauke nauyinta a kansu, in tunkuɗe ta da kafaɗa in ga ko za ta motsa, sannan in shiga. Ban taɓa yarda da kirik shi kaɗai ba, domin na san mutumin da ya yarda da shi, kuma da ni aka yi masa sallah. Haka na koyi canza baƙin mai, da wanke kabreta, da goge buji, wato fulogi, da gyaran birki. Abin da ya ƙare a kasuwa in je wajen maƙera su ƙera mini kwatankwacinsa. Babu noti ɗaya a jikin motar nan da hannuna bai taɓa ba. Daga tari ɗaya da za ta yi da safe nakan san abin da ke damunta.

Na faɗi wannan ne domin a takardar da mutanenka suka cika an rubuta cewa gawar mota ce da aka yasar. Ranka ya daɗe, lokacin da suka iso injinta yana aiki. Ni suka sa na kashe shi da hannuna.

Na biyu, abin da ya kai ta bakin gulbi.

Da damina ta ƙi, yayata Rabi ta sauka gidana ita da mijinta Ibro da ƴaƴansu, da wasu gidaje huɗu na garinsu da suka biyo bayansu. Ibro makiyayi ne. Ya baro gida da shanu, ya iso Yamai da sanda. Saniyarsa ta ƙarshe a hanya ya yanka ta, da ta kwanta ta kasa tashi. Gidana ɗaki uku ne. Muka kafa rumfunan tabarma a tsakar gida har babu wurin ɗora tukunya, sauran suka raɓe a kangon maƙwabcina. Ciniki kuwa ya mutu a Katako, don mai neman hatsi ba ya sayen allo.

A lokacin kullum rediyo na kiran mutane su yi noman rani, kowa ya nemi bakin ruwa ya shuka abin da zai ci. Na ɗauki maganar da gaske. Akwai wani dattijo Bazabarme a Gudel, Baba Hamadu, wanda na daɗe ina kai wa alluna yana gyaran jirginsa na kamun kifi. Na je na durƙusa masa, ya ara mana fili a bayan garkarsa, wato lambunsa, bai nemi komai ba. Iri kuwa hukuma ce da kanta ta ba mu: kwambitar, wato dankalin turawa, da albasa, da tumatir, da shu, wato kabeji. Aka rubuta sunayen gidajen nan biyar a matsayin masu aikin garka, kuma albarkacin wannan rubutun ne ba a zuba su cikin kamiyo, babbar motar da ke mayar da masu gudun yunwa garuruwansu ba.

Sai gulbi ya fara ja da baya. Ba sai na ba ka labari ba, duk wanda ya bi ta gada ya gani. Baba Hamadu ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin cikin gulbin nan a waje kamar bana ba. Ruwan da muke ɗiba da guga daga bakin shinge ya koma can nesa, tsakaninmu da shi sai taɓo mai kama ƙafa, gaba kaɗan kuma ƙasa mai tsagewa. Na ga in muka tsaya ga guga shukar ba za ta kai ba.

Na samo kan famfo wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa, amma babu inji a jikinsa. Inji ɗaya nake da shi a duniya, yana cikin motata. Sai na kai ta bakin ruwa. Wurin yashi ne, kirik yana nutsewa, don haka na shimfiɗa alluna masu kauri na kafa shi a kai, na ɗaga gefen baya na dama, na jera gumagumai a ƙarƙashi, na tokare sauran ƙafafun uku. Na cire tayar wannan gefen, na ɗaura wani tsohon ƙarfen taya da na cire wa roba, na zarga bel daga jikinsa zuwa famfo. In na tada inji na sa giya ta biyu, ƙafar da ke sama ta yi ta juyawa, mota tana tsaye wuri ɗaya, famfo yana tura ruwa cikin tiyo har garka.

Faɗinsa ya fi yinsa sauƙi. Kwana huɗu bel yana zamewa yana faɗuwa, har sai da Ibro, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya ce a jiƙa ƙaro a shafa masa, aka shafa ya kama. Injin kuma da yake motar ba ta tafiya, iska ba ta shigarsa, ruwansa ya dinga tafasa, sai da na kafa tano, wato durom na ruwa, kusa da shi na haɗa da tiyo biyu ruwa yana zagayawa. Ranar da ruwa ya fara fita a bakin tiyo cikin kwamin albasa, Yaya Rabi ta tara hannu ta wanke fuska, ta zauna a ƙasa.

Duk lokacin da gulbi ya ƙara ja, sai in mayar wa motar da tayarta, in sauke ta, mu tura ta gaba, in sake shimfiɗa alluna in sake ɗaga ta, in ƙara tsawon tiyo. Sau biyar na yi haka. Garka ta yi kore shar. Tumatir ya fara fure, albasa ta fara kai, kwambitar ta rufe ƙasa. Har masu garkunan kusa na riƙa ba su ruwa in mun gama, da Baba Hamadu da wasu mutum biyu.

Na uku, ranar da aka ja ta.

Talata ce da hantsi. Ina tsugune ina duba baƙin mai sai ga kamiyo mai sarƙa ya gangaro, da sarjan ɗaya da mutum huɗu. Sarjan ya ce an ba da umarni a kwashe duk matattun motocin da aka bari a fili. Na gaishe shi, na nuna masa inji yana aiki, na nuna masa ruwa yana gudu a cikin garka. Ya zagaya motar sau ɗaya ya ce, "Mota a kan itace, ƙafa uku, babu binyat ta haraji a gilashi. Wannan gawa ce. Kashe injin."

Na kashe. Na ce, "Sarjan, don Allah ka ba ni rabin awa. In mayar mata da tayarta, in sauke ta yadda ya kamata, in tuƙa ta da kaina in bi ku duk inda kuka ce."

Ya ce, "Ba mu da rabin awa."

Baba Hamadu ya taso daga garkarsa da ƙyar, ya cire hula, mutum mai jikoki, ya yi masa magana da Zabarmanci ya daɗe yana roƙo. Zan faɗi gaskiya, sarjan bai zage shi ba, bai taɓa kowa ba. Ya ce kawai, "Baba, aike ni aka yi." Ya juya ya ɗaga wa direba hannu.

Suka ɗaura sarƙa a gabanta suka ja, bel yana nan a zarge, gumagumai suna nan a ƙasa. Ranka ya daɗe, motar da na yi shekaru ina saukewa kamar mai kwantar da majinyaci, ita ce ta faɗo gaba ɗaya a kan gungume. Na ji ƙarar da cikinta ya yi. Baƙin mai ya malalo a yashi. Bel ya finciko famfo ya ja shi a ƙasa har sandarsa ta lanƙwashe kafin ya tsinke. Suka ja ta ta tsakiyar albasa, ƙarfen nan marar roba yana tsaga ƙasa kamar garma. Kirik ɗina da akwatin kayan gyarana suna cikin bayanta, suka tafi da su. Abin da aka bar mini na jikinta taya ɗaya ce jingine da shinge.

Na huɗu, abin da na tarar a bironka.

Washegari da sassafe na zo. Akawun da ke taga ta farko ya ce ba a sakin mota sai an sabunta takardunta. Na je wajen masu takardu, suka ce ba sa sabuntawa sai an kawo motar sun duba lafiyarta, kuma da ƙafarta za ta zo. Na dawo na roƙi a bar ni in shiga filin da aka ajiye ta in gyara ta don ta iya tafiya, mai gadi ya ce ba a shiga da kayan gyara, ba a kuma taɓa motar da ke hannun hukuma. Na ce to a ba ni kirik ɗina da akwatina, su ba mota ba ne. Ya ce duk abin da ya shigo cikin mota ya zama na mota. Na koma taga ta farko, aka ce in rubuto takarda. Na rubuto. Aka ce in dawo jibi. Na dawo, aka ce ka fita rangadi. Haka nake ta yi daga Gudel zuwa bironka a ƙafa, in dawo in ɗauki guga.

Ta ramin shingen waya nakan hango ta. Tana can kusa da bango, ta karkata gefe ɗaya, ƙarfen ƙafarta ya nutse a ƙasa. Ran da na fara hangenta murfin injinta a rufe yake. A zuwana na uku na gan shi a buɗe, babu batir. Jiya babu fitilar hagu. Ban ga wanda ya ɗauka ba, don haka ba zan kira sunan kowa ba, amma filin naka ne, ranka ya daɗe, kuma mai gadi ɗaya ne a ƙofar.

Abin da ya hana ni haƙuri shi ne maganar da na ji a kasuwa. Maƙeran Katako maƙwabtana ne, tare muke sallah. Ɗaya daga cikinsu ya kira ni gefe ya ce an sanar da su cewa ƙarshen watan nan za a sayar musu da motocin filin nan a matsayin ƙarfe. Ya faɗa mini yana jin kunya, don shi ne ya ƙera mini maƙalar famfon. In haka ta faru, injin da ke shayar da garka zai koma murhu da kaskon tuya.

Na biyar, halin da muke ciki.

Tun ranar Talatar nan da kai muke ɗauko ruwa. Maza da mata, daga sallar asuba har rana ta take, mu huta, mu koma da la'asar. Mutum zai ratsa busasshiyar ƙasa, ya shiga taɓo har gwiwa, ya cika bokiti, ya juyo, kafin ya iso kashi ɗaya ya zube, abin da ya rage kuma ƙasa ta shanye shi kafin ya ajiye bokitin. Waɗannan mutane ne da suka yi watanni ba su ƙoshi ba. Ba su da jikin wannan aiki.

A kwana na huɗu muka zauna muka zaɓi abin da za mu bari ya mutu. Muka bar shu. A kwana na shida muka bar rabin tumatir, furensa ya kakkaɓe. Yanzu kwambitar da abin da ya tsira na albasa muke bi, su ma ganyensu ya fara kwanciya tun kafin azahar. Baba Hamadu ya duba ya ce in ba su sami ruwa na ƙoshi ba nan da mako ɗaya, kada mu ƙara wahalar da kanmu.

Ranar Lahadi Yaya Rabi ta faɗi a cikin taɓo da bokiti a kanta. Ita ce ta goya ni ina ƙarami. Babu motar da za ta kai ta gidan likita, a amalanken jaki muka ɗora ta, ina tafe a gefe ina riƙe da kanta. Likita ya ce yunwa ce da gajiya, ƙugunta kuma ya goce. Tana can kwance. Duk ranar da na je, kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, "Isuhu, sun ba ka?" Na gaji da ce mata gobe.

Gida ɗaya cikin biyar ɗin sun riga sun tafi. Mai gidan ya ce gara ya shiga kamiyo da ƙafarsa da a zo a ɗora shi. Ya koma garin da ya baro saboda babu ruwa a rijiyarsa, da mata mai ciki da yara uku. Ban ji labarinsu ba tun da suka tafi. Ibro kuwa yana nan tare da mu. Yana ɗaukar ruwa fiye da kowa, ba ya cin rabonsa, yakan tura wa yara. Mutumin da ya rasa garke guda bai yi kuka ba, shekaranjiya na same shi a bayan shinge yana riƙe da busasshen reshen tumatir, hawaye na zuba.

Ba zan ɓoye laifina ba. Gaskiya ne binyat ɗina ta ƙare, ban sabunta ba. Abin da ya shigo hannuna bana, hatsi na saya da man da zai juya famfo. Na ɗauka tun da motar ba ta hawa titi, babu wanda za ta tare wa hanya. In na yi kuskure, na amsa, a hukunta ni yadda doka ta ce. Amma takardar motar nan sunana ne a kanta, ba sunan Rabi ba, ba na yaran Ibro ba. Kuma na kasa gane yadda hukuma za ta ba ni iri da hannunta ta ce in shuka, sannan ta aiko a ɗauke abin da nake ba shukar ruwa da shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, don girman Allah.

Ka ba da izini a bar ni in shiga filin nan yini ɗaya tak, da tayata da gumagumaina. Kirik da kayan gyara suna cikinta, in ba su bi batir ba. Zan ɗaga ta, in liƙe cikinta da ya fashe, in aro batir, in fito da ita da ƙafarta. A sa soja ya tsaya a kaina in ana tsoron zan taɓa ta wani.

Ka bar ta ta koma Gudel har mu cire kwambitar da albasa. Na yi alkawari ba za ta taka kwalta ba. Bayan girbi ni da kaina zan kawo ta, ka yi abin da ka ga dama da ita.

In sakin motar ya fi ƙarfin ikonka, to a bar ni in kwance injin da giyarsa in ɗauka a amalanke, ku riƙe gangar jikin. Zan san yadda zan kafa shi.

Ka tsayar da sayar da ita ga maƙera har ka saurare ni. Kuma kada a share sunayen gidaje huɗun da suka rage daga takardar masu aikin garka, domin ba su bar aikin ba, suna can suna yi da kawunansu.

In kana shakkar maganata, Gudel ba nisa. Ka aiko wanda ka yarda da shi ya ga tabon baƙin mai a yashi, ya ga famfon, ya ga garkar.

Matata Zainabu ta roƙe ni kada in fitar da wannan takarda. Ta ce, "Malam, lokacin nan ba na magana ba ne, ka dubi yaranka." Na nemi masu garkunan kusa su sa hannu tare da ni, kowa ya sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Baba Hamadu ya ce a kawo ya dangwala yatsa, ni na hana shi saboda shekarunsa. Don haka ni kaɗai na rubuta, ni kaɗai zan amsa. Ni ba ɗan siyasa ba ne, ban taɓa zagin hukuma ba, yau ma ban zage ta ba. In ka ga wannan takarda ta isa a zo a kama ni, ba sai an wahala wajen nemana ba. Kullum daga asuba ina tsakanin garka da bakin ruwa. Roƙona kawai, masu zuwa ɗaukata su taho da motar.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya kare iyalinka daga ganin irin abin da muke gani. Allah ya tausasa zuciyarka a kan wannan magana. Allah ya dubi ƙasarmu da idon rahama, ya saukar mana da ruwa mai albarka, ya mayar da kowa gidansa da mutuncinsa. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isuhu Mamman,
mai sayar da alluna a Katako,
yanzu a garkar bayan Baba Hamadu, Gudel.